Harafin da Ya Ɗauko Teku a Ka

Asabar, ƙarfe tara saura,
ni ke buɗe gidan ƙungiyarmu a Toronto.
Makullin sai da lallashi.
Injin ɗumama ɗaki sai ya yi tari uku kafin ya yarda,
kamar Valdur, ma'ajinmu,
in an tambaye shi kuɗin fenti.

Bokiti biyu inda rufi ke yoyo.
Ƙanƙara na narkewa a takalman yara,
su goma sha ɗaya bana.
Bara sha huɗu ne.
Ban taɓa gaya wa kowa ina ƙirgawa ba.

Malama Virve ta haura tamanin.
Ta zana da'ira a allo,
ta ɗora mata 'yar igiyar ruwa a ka: õ.
"Ku faɗa."
Yara suka ce o.
"A'a. Kada ku tsuke leɓe.
Ku yi kamar za ku yi murmushi, sai ku fasa,
ku bar sautin ya taso daga can baya."
Suka sake cewa o.
Wani ya yi kukan saniya, aji ya watse da dariya.

Tana da shekara biyar aka saka ta a kwalekwale,
da dare, a gaɓar Estoniya,
uwarta ta ɗinke cokula uku cikin rigar sanyi.
Aka ce kada ta yi kuka, kada ta yi tari.
Fuskar ubanta ta ɓace mata.
Warin man inji da jiƙaƙƙen ulu ne bai ɓace ba.
Takan nuna allon da alli ta ce,
"Ga tekun nan. Iyakar abin da na iya ɗaukowa ke nan."

A kicin Leida da Endla na gardamar baƙin burodi,
wai wa ya bar ƙullun tsami a bakin taga.
Ƙullun nan ya girmi rabin mambobinmu.
Ana ciyar da shi duk mako kamar jinjiri,
shi kaɗai ne bai taɓa fashin taro ba.

Sama kuma ƙafafu na dukan katako.
Siket masu ratsi suna juyi,
kowane ratsi da ƙauyen da ya fito,
ƙauyukan da masu rawar ba su taɓa takawa ba.
Jikata Kaja ta tambaye ni da Turanci
don me sai Asabar ɗinta za a cinye.
Na amsa da harshenmu.
Muka tsaya a tsakiyar matakala,
ita ba ta hau ba, ni ban sauka ba.

Da rana aka zauna maganar sayar da ginin.
Valdur ya karanto lissafi, muryarsa na rawa.
Sababbin zuwa daga Tallinn, masu aikin kwamfuta,
sun ce muna magana kamar kakanninsu,
har kalmominmu suke rubutawa a waya.
Ban san ko yabo ba ne.
Mun adana harshen ne kamar kifi a gishiri,
bai ruɓe ba, amma bai yi iyo ba.
An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.
To mu da muka ɗauko shi a baki fa?

Ba a yanke komai ba. An ɗage sai wata mai zuwa.
Aka sha kofi, aka naɗe tuta.

Ina zubar da ruwan bokiti
na jiyo wani sauti daga wajen ajiye motoci.
Mihkel ne, ƙaramin cikinsu,
safar hannu ɗaya ta ɓata,
yana tsaye yana hura õ cikin sanyi
don kawai ya ga tururin bakinsa.
Daidai ya faɗe shi. Daidai.

Malama Virve ta riga ta hau bas.

Na koma ciki na kashe fitilu.
Allon ban goge shi ba.